Sandunan Tsayuwa Bisa Hannu: Yadda Ake Ƙera Su da Ilmin da Ke Cikinsu

Daga cikin wasannin da ake nunawa a sakas, wato wasannin bajintar nan da ake yi cikin babban tanti mai zagayayyen fage, da wuya a sami wanda kayan aikinsa suka kai na mai tsayuwa bisa hannu ƙanƙanta. Falanki ɗaya ne a ƙasa, da sandunan ƙarfe biyu ko uku a tsaye bisansa, sai ɗan guntun katako a kan kowace sanda. A kan waɗannan guntaye ɗan wasa yake dafawa, ya ɗaga ƙafafunsa sama kansa na kallon ƙasa, sannan ya saki hannu guda, ya bar nauyin jikinsa gaba ɗaya a kan sanda ɗaya tak. Wanda ya ga kayan a ajiye zai ce ai aikin yini guda ne ga kafinta da mai walda. Gaskiya ne ana iya haɗa su a yini guda, sai dai wanda zai hau su kansa ne a ƙasa, kuma in sanda ta karye, wuya da kafaɗa ne za su fara isa daɓe.

Abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne cewa tun asali sakas sana'ar matafiya ce. Philip Astley, tsohon sojan doki na Ingila, shi ne ya kafa sakas irin na zamani a Landan cikin 1768, kuma fage mai faɗin ƙafa 42, kimanin mita 13, wanda ake dangantawa da shi, ya zama ma'aunin da aka bi bayansa. A Amurka aka fara yawo da wasan cikin tanti a 1825, sannan a 1872 sakas ɗin P. T. Barnum ya koma tafiya cikin jirgin ƙasa. Wanda ke da tarago ba ya damuwa da nauyin kaya. Ɗan wasan yau kuwa sau da yawa shi kaɗai yake tafiya, daga wannan kwangila zuwa waccan, a jirgin sama, inda yawancin kamfanoni ba sa yarda jaka ta wuce kilo 23. Saboda haka dole kayan su zama marasa nauyi, masu warwaruwa, su shiga akwati. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa kuwa yana cin karo da sharaɗin farko, wato kada su yi motsi a ƙarƙashin mutum.

Yadda Jiki Yake Tsayawa a Kife

Kafin a kai ga ƙarfe da katako, ya kamata mai karatu ya san abin da hannu yake yi a kansu. Kowane abu yana da wurin da ake iya ɗauka cewa nauyinsa ya taru, wanda masana ke kira cibiyar nauyi. A jikin mutum tana wajen ƙugu, ƙasa kaɗan da cibiya. Abu yana tsayawa ne muddin layin da ya sauko daga wannan cibiya zuwa ƙasa ya faɗa cikin wurin da abin ya taka. Mai tsayuwa da ƙafa yana da tsawon tafin sawunsa. Mai tsayuwa da hannu yana da abin da ke tsakanin gindin tafi da kan yatsu kawai, in kuma hannu ɗaya ne, to, filin bai fi faɗin tafin nan guda ba.

Jikin da ke kife tamkar tsintsiya mai doguwar ƙota ce da yaro ya tsayar a tafinsa: kullum cikin faɗuwa take, kullum ana taro ta. Lissafi ya nuna cewa in jiki mai tsawon na mutum ya fara karkata, ba a taro shi ba, karkatar tana ninka kanta cikin kusan rubu'in daƙiƙa. Ɗan wasa yana taro ta ne da wuyan hannu. In ya ji zai faɗa ta baya, sai ya danna da yatsu. In ya ji zai dawo ta ciki, sai ya mai da nauyi gindin tafi. Ke nan wurin da nauyinsa yake sauka ba ya zama wuri ɗaya, yana kai da komowa ne gaba da baya, kodayake mai kallo daga nesa yana ganin mutum a sandare kamar gunki. A riƙe wannan batu, domin kusan duk matsalar ƙera sandunan daga nan ta taso.

Amfanin guntun katakon da ake dafawa shi ne sauƙaƙa wa wuyan hannu. Gaɓa ce mai ƙananan ƙasusuwa 8, kuma a wajen yawancin mutane ba ta lanƙwasuwa baya fiye da digiri 70 ba tare da an tilasta ta ba, alhali tsayuwa a daɓe tana bukatar digiri 90. A kan katako, yatsu suna samun damar lanƙwasawa su kama gefe, sai ɗan wasa ya riƙa matsewa maimakon dannawa kawai. Galibi akan yanka guntun ya kai kimanin santimita 14 a tsawo, 9 a faɗi, 4 a kauri, a rage ko a ƙara gwargwadon tafin mai shi. Wasu kan ɗan karkatar da samansa don rage lanƙwasar gaɓar. Ana son katako mai tauri da ba ya tsagewa, a goge kaifin gefensa da samfefa, kuma kada a shafa masa fenti mai sheƙi, domin gumi a kan sheƙi santsi ne.

Ba Nauyi Ne Abin Tsoro Ba

Mai ƙira na farko yakan tambayi kansa: shin wannan sanda za ta ɗauki mutum? Ba a nan gizo ke saƙar ba. A ɗauki misalin ɗan wasa mai kilo 70 da sandar baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 16. In aka yanke ta a gicciye, faɗin fuskarta ya kai milimita murabba'i 201. Ƙarfe na gama-gari yana jure kimanin kilo 25 a kan kowane milimita murabba'i kafin ya fara lotsawa, wato guntun wannan sanda zai ɗauki kusan tan 5. Mutum mai kilo 70 bai ɗora mata ko kashi 2 cikin 100 na wannan ba.

Amma doguwar sanda siririya ba ta jira a murƙushe ta, tanƙwarewa take yi gefe guda farat ɗaya. Masanin lissafin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, shi ya fitar da ƙa'idar wannan al'amari cikin 1744. Ƙa'idar ta nuna cewa in aka ninka tsawon sanda sau 2, nauyin da za ta ɗauka yana komawa kashi ɗaya cikin 4. Sandar misalinmu, in an kafe gindinta an bar kanta a sake, a tsawon santimita 50 za ta ɗauki kimanin kilo 650. A mita 1 abin ya koma wajen kilo 160. A mita ɗaya da rabi ya sauko zuwa kilo 72, wato daidai nauyin wanda zai hau ta. Ƙarfen bai sake ba, tsawo kawai aka ƙara.

Ko a gajeriyar sanda ma akwai wani abokin gaba, shi ne turi na gefe. Duk lokacin da ɗan wasa ya yi tsalle ya hau, ko ya sauya daga hannu biyu zuwa ɗaya, yana ture kan sandar gefe. A ce turin bai wuce na kilo 5 ba. Da yake yana aiki ne a nesa da gindi, ƙarfinsa yana ninkuwa da tsawon sandar, kamar yadda doguwar sifana take kwance notin da gajeriya ta kasa. Kilo 5 a tsawon santimita 50 yana takura gindin sandar kusan sau 18 fiye da yadda kilo 70 na jikin mutum yake yi in ya sauka a miƙe. Sannan ga kai da komowar nan da aka ambata. In nauyin ɗan wasa ya matsa santimita 3 kacal daga tsakiyar sanda zuwa wajen yatsu, lanƙwasar da zai jawo ta kusa kai wadda turin kilo 5 ya jawo. Wannan kuwa ba tsautsayi ba ne da za a ce a kiyaye. Ita ce tsayuwar kanta.

Game da rangaji, sandar santimita 50 za ta kauce kimanin milimita 3 a ƙarƙashin turin kilo 5, sannan ta dawo inda take, bisa ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678. In aka ninka tsawon, kaucewar ba sau 2 take ƙaruwa ba, sau 8 ne. Shi ya sa sandunan koyo suke gajeru, wanda kuma yake son dogaye don burge 'yan kallo dole ya ƙara kauri. Abin farin ciki, kauri yana da albarka: daga milimita 16 zuwa 20, ƙagewar sanda tana ƙaruwa kusan sau biyu da rabi, alhali nauyinta rabi kawai ya ƙaru.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma Galileo ya bayyana ta tun 1638, inda ya kafa hujja da ƙasusuwan tsuntsaye da karan alkama. In sanda tana lanƙwasa, gefenta ne yake wahala, tsakiyarta kusan zaman banza take. To, sai a cire tsakiyar. Bututun ƙarfe mai faɗin milimita 25 da kaurin bango milimita 2 ya fi sandar milimita 16 ƙagewa sau 3, kuma nauyinsa bai kai kashi uku cikin huɗu na nata ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake yin ƙirar keke da bututu. Duk da haka 'yan wasa da yawa sun fi son siririyar sanda marar rami, don ta fi kyan gani a fage, wasu kuma suna cewa ɗan rangajin nan yana taimaka musu jin inda nauyinsu yake. Wannan zaɓi ne na mai hawa, kuma yana da haƙƙin yinsa, muddin an yi lissafin.

Alminiyam yakan ja hankalin matafiyi, tun da nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Sai dai ƙagewarsa ma kashi ɗaya cikin uku ce. Kafin ya yi daidai da sandar ƙarfe ta milimita 16, sai an kai shi milimita 21, a nan za a sami ragin nauyi na wajen kashi 40 cikin 100. Riba ce, amma tana da farashi, kamar yadda za a gani.

Mahaɗa, Inda Ake Samun Matsala

Da ba don tafiya ba, da sai a yi wa sanduna walda a kan faifan ƙarfe mai nauyi a huta. Tafiya ce ta sa dole a riƙa cire su ana mayarwa, kuma wurin da ake cirewar shi ne gindi, daidai inda lanƙwasa ta fi tsanani. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda kuma aka fi bi, ita ce a yanka wa ƙarshen sandar haƙoran murɗi, waɗanda makanikai ke kira tiredi, a ɗaura ta cikin noti. Illar haka ita ce yanka haƙora yana cinye ƙarfe. In aka sirantar da ƙarshen sandar milimita 16 don ya shiga noti mai lamba 12, abin da zai rage a ƙasan haƙoran bai fi milimita 10 ba. Ƙarfin jure lanƙwasa kuwa yana raguwa da sauri ƙwarai in kauri ya ragu: a nan ya koma kashi ɗaya cikin 4. Turin kilo 5 ɗin nan da sandar ta ɗauka ba tare da ta ji ba, yanzu ya kai wannan wuri bakin lotsawa.

Bugu da ƙari, kowane haƙori tsaga ce mai kaifi, kuma a irin waɗannan wurare ƙarfe yake fara gajiya. Gajiyar ƙarfe ba salon magana ba ne. Kowa ya san yadda ake katse waya ba da almakashi ba, a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta rabu. An fara ɗaukar abin da muhimmanci ne bayan da gatarin wani jirgin ƙasa, wato sandar da ke haɗa ƙafafunsa, ya karye a kusa da Versailles ta Faransa cikin 1842, mutane da dama suka halaka. Daga baya wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwaji har zuwa 1870, ya tabbatar da cewa ƙaramin nauyi da ake maimaitawa yana karya ƙarfen da babban nauyi na sau ɗaya bai karya ba. A sandar ɗan wasa, ko da sau ɗaya yake gyara tsayuwarsa a daƙiƙa, awa guda a kife lanƙwasa 3,600 ce. Tsagar tana farawa ƙarama, ido ba ya ganinta, tana ci gaba wata da watanni, ranar da za ta ƙarasa kuwa ba ta sallama.

Baƙin ƙarfe yana da wata falala a nan: akwai iyakar da in takurar ba ta kai ta ba, kusan ba ya gajiya komai yawan maimaici. Alminiyam ba shi da wannan iyaka tabbatacciya. Haƙoransa ma suna saurin cinyewa da yawan ɗaurawa da kwancewa, zafin walda kuma yana rage masa ƙarfi a kewayen wurin da aka ƙona. Wanda ya zaɓe shi sai ya sa masa ranar ritaya.

Maganin wannan matsala shi ne a raba aiki biyu. A yi wa faifan ƙarfe walda da guntun bututu mai kauri, ya zama kube, sandar ta shiga cikinsa da cikakken kaurinta, zurfin santimita 5 ko fiye. Kuben ne zai ɗauki lanƙwasa. Noti, ko ƙusar murɗi da aka ɗaura ta ƙasa, aikinta kawai ta hana sandar fita ko juyawa. Wata dabarar ita ce a yi wa sandar faffaɗar kafaɗa a saman haƙoran, yadda in an ɗaure tamau kafaɗar za ta zauna daram a kan faifan ta karɓi yawancin wahalar.

Kube ma yana da sharaɗi, wato kada ya yi sako-sako. In akwai ratar rabin milimita tsakanin sanda da kube mai zurfin santimita 5, to, a kan sanda mai santimita 50 ratar ta zama kimanin milimita 5. Mai karatu zai iya cewa ai wannan bai fi rangajin da aka ce 'yan wasa suna so ba. Akwai bambanci babba. Rangajin ƙarfe yana zuwa daidai gwargwadon turi, jiki yana iya koyonsa ya saba da shi. Sako-sako kuwa fanko ne: ɗan wasa ya danna, ba abin da ya amsa masa, sai can sandar ta bugi bango ta tsaya kwatsam. Mutumin da rubu'in daƙiƙa ne a hannunsa ba shi da lokacin da zai ɓata a wannan fanko. Saboda haka wasu maƙera kan yi wa ƙarshen sandar da cikin kuben siffar tsini kaɗan, yadda nauyin mai hawa ne zai ƙara matse su, ko su tsaga kuben ta gefe su sa masa abin matsewa irin na sirdin keke.

A saman sanda ma haka abin yake, sai dai da sauƙi. Ana yi mata walda da ƙaramin faifai, a ɗaure katakon da ƙusoshin murɗi 4. Masu son su riƙa juyawa a kan hannu ɗaya kan sa boris a tsakani, amma kowane ƙari irin wannan sabuwar mahaɗa ce da za a riƙa dubawa.

Falankin Ƙasa

Sanda mai ƙarfi a kan gindi marar faɗi ba ta da amfani, domin gaba ɗaya za su kife. Lissafin mai sauƙi ne. Nauyin ɗan wasa yana danne falanki, turin gefe yana neman ɗaga shi. In sandar da aka tsaya a kai tana da nisan santimita 10 daga bakin falanki, kuma tsawonta santimita 50 ne, turin kilo 14 ya isa ya kifar da mai kilo 70. In tsawon mita 1 ne, kilo 7 ya wadatar. Don haka duk ƙarin tsawo yana neman ƙarin faɗi, kuma a auna daga sandar gefe, ba daga tsakiyar falanki ba, tun da a tsayuwar hannu ɗaya nauyin duka a gefe yake. Tazarar da ke tsakanin sandunan kuwa faɗin kafaɗun mai hawa ne yake yanke ta.

An fi amfani da filawud, wato fale-falen katako da aka lilliƙa, jijiyar kowane falle ta gicciye ta na ƙasansa, shi ya sa ba ya tsagewa ta fuska ɗaya. Mai kaurin milimita 18 shi ne na yau da kullum. In aka haɗa guda 2 da gam suka zama jiki ɗaya, ƙagewarsu tana ninkuwa sau 8. In an ɗora su ne kawai ba gam, sau 2 ne. Wajibi ne a ɗaure faifan kuben da noti mai ratsa katakon ya fita ta ƙasa, da faffaɗan washa, domin ƙusar da ta tsaya cikin katako tana sassautawa da yawan girgiza. Masu tsananin son rage nauyi kan bar falanki su yi firam na bututu mai ƙafafu da ake naɗewa, wanda yake ba da faɗi ba tare da cika akwati ba.

Saura daɓe, wanda matafiyi ba shi da iko a kansa: yau katakon dandamali, gobe siminti, jibi ƙasar tanti. Abu mai ƙafa 3 ba ya gurgusawa a ko'ina, kamar yadda tukunya take zama daram bisa duwatsun murhu. Amma filin da ƙafa 3 suke kewayewa ya fi na 4 ƙanƙanta, kuma yana da sauƙin kifewa ta tsakanin ƙafa biyu. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙafa 4, a sa wa ɗaya ko biyu noti na ɗagawa da saukewa, a liƙa wa kowace roba don hana zamewa. Robar ta zama siririya mai tauri. Mai laushi rangaji take ƙarawa.

In an gama ƙira, ba mutum ne zai fara hawa ba. A ɗora wa kowace sanda buhunan yashi da suka ninka nauyin mai ita sau 2, a ja ta gefe da igiya ta kowace fuska, a kasa kunne ko za a ji ƙara, a duba ko ta dawo daidai inda take. Bayan haka sai duba na lokaci-lokaci, musamman a bakin walda da ƙasan haƙora. Akwai tsohuwar dabara da ma'aikatan jiragen ƙasa suka yi amfani da ita, wadda ba ta bukatar na'ura: a jiƙa wurin da mai da aka sirka da kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge tas, a shafa farin alli, sannan a ɗan bubbuga ƙarfen. In akwai tsaga, man da ya maƙale cikinta zai tsattsafo ya zana siririn layi a kan allin. Sandar da ta nuna wannan layi, ko wadda ta taɓa lanƙwashewa aka miƙar da ita, ba a sake hawanta. Sai a yanke ta biyu kafin a jefar, don kada wani ya tsinta.